Ruwan Alwalar Baba da Akwatin Gem

Daren Laraba, tsakiyar rani

Wutar akwatin gem ɗin da na haɗa da katako don wasan bidiyo ta sake jan Hauwa, 'yata, tana taɓa ƙarfen maɓallan. Mamanta ta rantse gobe katakon zai shiga murhu. Abin da ya ɗaure min kai, tun zuwan Baba daga Kusasu, bayan salla akwatin ba ya jan kowa.

Da la'asar na ga Baba yana alwala daidai gindin rodin da na kafa don ya riƙa kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Ashe busasshiyar ƙasa ba ta karɓa, sai ta jiƙe!

Na ce, "Baba, ashe kai kake gyara min gem."

Ya ce, "Zurfafa rodinka, yaro. Ba zan wuni ina alwala don wasanka ba."