Ƙanwata da Lakar Bayan Wurin Wankin Motata

Anti, ki taimaka mini da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama, don zuciyata tafasa take yi.

Wankin mota nake yi, kuma bayan wurina akwai fadama inda lambatunmu yake zubewa. Autarmu tana bincike a jami'a a kan ƙananan halittun da ke cikin laka, waɗanda ido ba ya gani. Ta roƙe ni ta ɗebi laka a can, na ce bismilla. Ni na ara mata takalmin roba, ni na riƙe mata bututun da take cusawa cikin taɓo, kwalabenta ma a firjina suka kwana, matata tana ta mita.

Da ta ce za ta dawo ɗiba na biyu, sai na ce bari in fita kunyarta. Na tuttula bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, jarka guda a lambatun don kada ta tarar da ƙazanta. Wai ashe laifi na yi! Ta zo tana ɗaga mini hanci, wai kafin mazubar lambatuna halittun iri-iri ne, daga mazubar zuwa ƙasa kuwa saura 'yan kaɗan masu jure guba, wai alamar fadamar tana mutuwa ke nan. Yo ƙarancin ƙwayoyin cuta ba shi ne tsafta ba? Ruwan garau yake, kwaɗi ma suna kukansu.

Yanzu rahotonta zai je hukumar muhalli, ana iya rufe mini wuri. Na ce ta cire wurina, ta ƙi. Yarinyar da na goya! Mahaifiyarmu kuka kawai take yi. Na rantse ba za ta ƙara taka gidana ba. Na yi daidai ko?

Yayan da aka ci wa fuska

Ɗan'uwa, ba ka yi daidai ba, kuma ba zan shafa maka mai a baki ba. Ba kowace ƙaramar halitta ce cuta ba. Waɗannan na cikin laka su suke narkar da ruɓaɓɓen ganye da datti, su tace ruwan da masu lambu da masunta suke dogaro da shi. Kowane iri da aikinsa, in suka ragu aikin ya tsaya. Baƙin mai da sabulunka sun daɗe suna kashe su, bilic ɗin nan kuma ya ƙarasa saura. Kwaɗi sai daga baya suke ganewa.

Ita ma tana da nata. Wanda ya riƙe mata bututu ya cancanci a zaunar da shi a yi masa bayani cikin ladabi, tsoronka na rasa abincin iyalinka kuma gaskiya ne. Amma neman ta cire wurinka neman ta yi ƙarya ne, kuma ranar da aka gano, aikinta ya tafi.

Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka kira ta. Ka gaya mata zancen bilic dalla-dalla, don ya shafi sakamakonta. Ka haƙa ramin da zai tare mai da yashi kafin ruwanka ya kai fadama, ta nuna maka yadda ake yi, sannan ta rubuta cewa ka soma gyara. Hukuma takan saurara wa wanda ta tarar yana gyara. Wurin wanki ana iya sake buɗe wani, mahaifiyarku kuwa ta gama haihuwa, ba za ta sake haifa maka wata ƙanwa ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya daidaita tsakaninku.