Muryar Inna a Kaset

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Ummi? Mu nan Bosso lafiya lau.

Yaya, bari in ba ki labari. Ranar Asabar Malam, maigidana, ya kai ni makon al'adu a jami'a, don an ce za a yi lacca kan littattafan soyayya. Kafin a kai nan, wani malami mai bayanin waƙoƙin niƙa ya kunna kaset. Wallahi muryar Innarmu ce, har da ɗan tarin nan nata! Mutane suna tafi, ni ina kuka. Ko a littafi ban taɓa karanta irin wannan ba.

Ashe a wurin niƙan biki malamin ya ɗauki muryarta, a Ketaren Gwari, kafin rasuwarta. Na roƙe shi ya kwafa mini, ya ce sai Baba ya yarda. Kin san kuwa Baba ya hana ta waƙa tun muna yara. Idan na faɗa masa, na tona mata asiri. Idan na yi shiru, na rasa muryarta. Don Allah ki ba ni shawara.

A gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, Inna kuma Allah Ya jiƙanta.

Ƙanwarki,
Bilkisu