Gyambo a Ƙarƙashin Safar Hannu

Litinin, 3 ga Maris

Farantan gwaji sun yi kyau yau. Ƙwayoyin fatar da na bari yadda suke sun cika faranti, kowace ta jingina da maƙwabciyarta, sai suka daina hayayyafa. Abin da ke burge ni ke nan: ƙwaya ta taɓa 'yar'uwarta, saƙo ya shige ciki, "Ya isa haka, ki girma ki zama fata." Waɗanda na zuba wa maganin da ke toshe saƙon kuwa sai hawa kan juna suke, ba mai sauraron wata. Haka ciwon daji ke somawa. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya leƙa madubin ƙara girma ya ce, "Madalla," ya wuce. A wurinsa wannan yabo ne mai yawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Tsohon tabon ƙunar da ke wuyan hannuna, na ruwan zafi tun ina ƙarama, ya buɗe ɗan gyambo a gefe. Ya kwana biyu, ban dai rubuta ba. Safar hannu na rufe shi duk yini.

Asabar, 8 ga Maris

Na je na canja wa ƙwayoyin ruwan abincinsu, su ba su san hutu ba. Da na gama ɗaukar hoton farantai, na ɗora rula a kan gyambon na ɗauke shi shi ma. A tara bayanai tukuna.

Talata, 11 ga Maris

Yaya ta ga gyambon ina wanke kofuna. "Auta, mene ne wannan?" Na ce ina sa masa ido. Ta ce, "Ido magani ne?" Na kawo mata bayani kan yadda ba a yanke hukunci da awo kaɗan. Ta bar ni na gama tas, ta ce wanzami dama ba ya son jarfa. Haushi ya hana ni cin abinci, ita kuwa ta cinye nata da nawa.

Laraba, 19 ga Maris

Bakin gyambon ya yi tudu, ya yi tauri. Awon ya ƙaru. Na sake aunawa da wata rula, wai ko ta farko ce ba daidai ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Dogo, abokin aikina, yana haɗa hotunan da za mu nuna wa Farfesa. Ashe na hannuna sun shiga cikin na farantai, don kyamara ɗaya ce. Ya juyo da allon kwamfuta wajena. "Malama, wannan samfurin na waye?" Na rufe wuyan hannuna da ɗaya hannun. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce a hankali, "Da faranti ne, da tuni kin kai rahoto."

Tsoro nake ji. Ga shi na rubuta.

Litinin, 24 ga Maris

Ban je aiki ba, asibiti na je, don kawai Yaya ta bar ni in sha iska. Likita ya yanki ɗan nama daga gyambon don gwaji, sakamako sai mako mai zuwa. Ya fara yi min bayanin yadda ƙwayoyin fata ke daina jin saƙo. Na buɗe baki zan ce na sani, sai na fasa, na saurara har ƙarshe.

Na ce wa Yaya ta jira a waje, ta shigo abinta. Ta riƙe ɗaya hannun. Ban ƙwace ba.