Randar da ke Bayan Ƙofa

Rusaifa, Makka
Talata, 14 ga Janairu 2025 (14 Rajab 1446), ƙarfe huɗu da minti ashirin, bayan la'asar

Zuwa ga Goggo Iyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Yaya Maijidda da yara. Baba da Umma suna miƙa gaisuwa. Ki yi haƙuri da Hausata, a takarda ta fi ba ni wahala.

Yaya Maijidda ta gaya mini tun da aka sallamo ki daga asibiti, yau kwana goma sha tara, ba kya cin abin da ya wuce cokali uku, kuma ba abin da kike ambato sai jan khal, ruwan tsamin inabi, na gidan Bandar da ke unguwar Hindawiyya nan Makka, na shekarar Hijira 1398, wato 1978. Na je shekaranjiya da safe.

Mai gidan yanzu shi ne Ammi Abdulilah, ɗan marigayi Bandar, shekararsa saba'in da ɗaya. Ya sauka da ni matakala goma sha ɗaya zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin gidan. A waje zafi ya kai digiri talatin da ɗaya, a ciki ashirin da ɗaya, kuma ba na'urar sanyi. Randuna sittin da uku na ƙirga, kowace da shekararta a jiki.

Ba zan ɓoye miki ba, na shiga da tsoro. Ruwan inabi ne ja da aka ajiye shekaru, kuma a garin nan. Na tambaye shi ko ba ya fara zama giya kafin ya zama khal. Ya yi dariya ya ce, "Ya waladi, ɗana, a gidan nan ruwan inabi bai taɓa kwana shi kaɗai ba." Ranar da aka kawo inabi daga Ɗa'ifa aka matse, a ranar ake zuba masa tsohon khal daga randar bara, sai tsami ya riga komai. Randar bara daga ta bara waccan aka ɗebo mata, haka har zuwa ta farko, wadda kakansa ya kafa a 1331. Tana nan. Na sa hannu a jikinta, na ji sanyi. Shekara huɗu na yi ina karanta kimiyyar abinci, ba wanda ya gaya mini akwai irin wannan ɗakin minti goma sha biyar daga gidanmu.

Duk da haka na gwada a ɗakin gwajin da nake neman ƙwarewa. Tsaminsa kashi bakwai cikin ɗari, ban sami abin maye ba. Sau biyu na maimaita.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Akwai wata randa a bayan ƙofa, ba shekara a jikinta, an ɗaure bakinta da baƙin ƙyalle. Warinta daban, kamar yaji, kamar hayaƙi. Ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ina jin ta gurɓace ne, kuma a karatunmu zubar da ita ya kamata a yi. Ban faɗa masa ba. Ya tambayi sunana, na ce Hudaifa kawai, don ba na son ba da cikakken suna inda ban sani ba.

Na sayi kwalba ɗaya daga randar 1398. Alhaji Ɗan'azumi maƙwabcinku zai taho da ita ranar Juma'a in ya gama umara. Cokali ɗaya a kofin ruwa, kada ki sha shi zalla.

Allah ya ba ki lafiya.
Ɗanki, Hudaifa Isa

*

Gwammaja, Kano
27 ga Janairu

Hudaifa, Malam Ma'auni,

Wa alaikumus salam. Maijidda ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana. Ka gaida ubanka, ka ce masa yayarsa ba ta mutu ba tukuna, ya daina kira yana shiru a waya.

Kwalba ta iso. Khal ne mai kyau, Allah ya yi maka albarka. Amma ba shi ba ne. Laifina ne, shekara kawai na ba ka.

Wasiƙarka na sa aka karanta mini sau uku, ba don matakala goma sha ɗayanka ba. Don randar bayan ƙofa.

Ubanka yana ɗan shekara biyar lokacin, bai sani ba. Kakanka Abdulbaƙi shekara goma sha shida ya yi aiki a gidan nan, shi ke matse inabi. A shekarar da zan yi aure in taho Kano, ni da ban taɓa ganin Kano ba, ya ɗauki kimba ya jefa a sabuwar randa ɗaya. Ya ce yana so in tafi da abin da ya haɗa can da nan. A gidan Bandar kuwa ba a sa komai a randa sai inabi da tsohon khal, ko gishiri ba a sawa. Bayan wata biyu ya kawo mini kofi ɗaya na ɗanɗana da gurasa. Washegari Bandar ya ji warin, ya tsamo kimbar da ludayi, ya ɗaga ta gaban ma'aikata ya yi masa faɗan da ba a yi wa babban mutum. Baba ya wanke hannunsa, ya fito, bai sake bi ta layin ba har ya rasu. Ni na taho ba randa. Duk shekarun nan na ɗauka an zubar da ita a kwata.

Shi ne kai kuma ka je ka tsaya a kanta, ka shaƙa, ka ce ta gurɓace. Yaron da bai san warin kimba ba. Me Umma take sa muku a kunu?

Ka koma. In ya tambayi sunanka, ka faɗa har ƙarshe, ba ɓarawo ba ne kai. In ba ita ba ce, ka gaya mini gaskiya, kada ka lallashe ni.

Goggonka, Iyatu

Ƙari daga ni Maijidda: jiya cokali biyu ta ci. Don Allah ka hanzarta.

*

Rusaifa, Makka
Asabar, 1 ga Fabrairu 2025 (2 Sha'aban), ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata jiki da sauƙi. Yanzu na dawo daga Hindawiyya, ban cire takalmi ba.

Kafin in shiga na sayi kimba wurin wata dattijuwa mai kayan yaji a bakin layin, na shaƙa. Warin ne. Na ji kunya.

Ammi Abdulilah yana zaune a bakin matakala. Ya ce, "Mai tambayar giya ya dawo. Ka sami abin da kake nema a ciki?" Na ce a'a. Na ce sunana Hudaifa ɗan Isa ɗan Abdulbaƙi. Ya tashi, ya riƙe hannuna a wuyan hannu kamar zan gudu, muka sauka. Ya juya randar bayan ƙofa a hankali. A gefen da ke kallon bango an rubuta da farin fenti: Abdulbaƙi, 1398.

Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba wancan karon?" Na ce ba na ba da cikakken suna inda ban sani ba. Ya ce, "Kakanka ne ya koya mini riƙe ludayi."

Ya ce babansa bai zubar da ita ba. Sau biyu ya aika a kira Kaka, bai zo ba. Sai ya ce a ajiye ta, ta Abdulbaƙi ce, mutanensa za su zo. Kowace shekara ruwan yana raguwa da kamar kashi ɗaya cikin goma, sai a cika da sabo a lokacin inabi. Sau arba'in da shida aka cika ta.

A nan na tsaya na yi lissafi a wayata, ki yi haƙuri, haka nake. In ana rasa kashi ɗaya cikin goma sau arba'in da shida, abin da ya rage na hannun Kaka bai wuce kashi takwas cikin dubu ba. Kuma an tsame kimbar tun 1398. Warin ba zai kai yau da wannan ƙarfin ba. Na faɗa masa haka, don ina tsoron kada a ba ni abin da ba shi ba in kawo miki.

Sannan ya ce, "Kai ne na farko da ya tambaya." Ya ce kowace shekara, ranar cika randuna, babansa yakan fita da kansa zuwa wurin matan Hausawa masu kayan yaji, ya sayo kimba biyar, adadin da ya tsamo a ranar faɗan. Sai ya sallami ma'aikata, ya rufe ƙofa, ya jefa su ciki da hannunsa. Mutumin da ya kori gishiri daga gidansa. Shekara ashirin da biyu yana yi, ya rasu, Ammi Abdulilah ya ci gaba. Dattijuwar da na sayi kimba wurinta ta san shi, a wurin mahaifiyarta babansa yake saya.

Goggo, na zauna a kan matakala. Ban san tsawon lokacin ba, ban duba agogo ba.

Na ciro kuɗi, ya ce in mayar, ba a sayar wa mutum kayansa. Ya cika kwalba biyu. Launinsa ja mai duhu, ya kusa baƙi. Na biya ta ɗakin gwaji a hanyar dawowa na gwada, ba abin maye. Ban ɗanɗana ba, na bar miki. Za su iso da ayarin umara na ranar goma sha biyar.

Ɗanki, Hudaifa

*

Gwammaja, 18 ga Fabrairu

Hudaifa,

Shi ne.

Na sa Maijidda ta sayo gurasa, na ci rabi. Da yamma na ci tuwo. Ta tsaya a kaina tana kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, na kore ta.

Ka gaya wa Abdulilah na tuna shi, mai kunnuwa. Ka ce na yafe wa babansa, in ma ni ce mai yafewa. Amma ka gyara masa lissafi, tunda kai ne mai lissafi: ba biyar ba ne, bakwai ne. Ni na ƙirga wa Baba a tafin hannunsa. Ga bakwai nan na ba a kawo muku, daga kasuwar Kurmi.

Goggonka

*

Rusaifa, Makka
Laraba, 5 ga Maris 2025 (5 Ramadan), ƙarfe goma na safe

Goggo,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Saƙo ya iso, na ƙirga, bakwai ne. Na kai wa Ammi Abdulilah. Ya ce ba zai karɓa ba, in riƙe, in zo a watan Yuli ranar cika randuna in jefa da hannuna. Na ce to.

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

1. Ko Kaka ya taɓa jin cewa ba a zubar da ita ba.
2. Me ya hana Bandar ya ɗauki randar ya kai masa gida. Ɗansa ma bai sani ba.
3. Ko biyun da ludayi bai tsamo ba suna nan a ƙasa. Na nemi in duba, Ammi ya ce ba a motsa gindin randa. Ban sake nema ba.
4. Ko likita zai bar ki ki hau jirgi a Yuli. Na auna matakalar, kowace taƙi ɗaya ce, kuma akwai abin riƙewa a hannun dama.

Ɗanki, Hudaifa Isa Abdulbaƙi