Motar Noma a Gindin Mangwaro

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Ikko, yaya aiki, yaya Saratu da yara? Mu nan Kagoma jiki lafiya, zuciya ce ba daɗi.

Bana Baba bai kira gayya ba. Ma'aikatan gona suka ce gwamnati za ta aiko da motar noma, sai ya sallami samarin unguwa, Mama ma ba ta jiƙa dawar kunu ba. Motar ta zo kuwa, muka yi ta guɗa. Gona ɗaya ta huɗe, mai ya ƙare. Direban ya tafi Kafanchan neman mai, ya dawo hannu wofi.

Da Baba ya koma neman gayya, kowa na fama da gonarsa. Tsohon nan da ciwon bayansa ya ɗauki garma shi kaɗai. Yanzu rabin gonarmu ciyawa ce. Ya ce mini, "Kada ki gaya wa Bulus." To, na gaya maka.

Ka gai da Saratu, ku sa mu cikin addu'a. Motar tana nan gindin mangwaro, kajin Mama na ƙwai a ƙarƙashinta.

Ƙanwarka,
Rahila