Baba Na Jiran Mai Haɗa Magani, Ni Kuwa Tarihi Nake Karantawa

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin wani ya janyo min ayar biyayya ga iyaye, ya yi haƙuri ya ji ni tukuna, na haddace ta tun ina ɗan shekara bakwai. Shawara na zo nema, ba bulala ba.

Daga Madina nake rubutu. Mahaifina mai haɗa magunguna ne, ya fi shekara ashirin yana tsaye a saidaliyya ɗaya, wato kantin magani, a unguwar Sultana. Ni kuwa tun ina ƙarami ƙwallo ce ta shiga raina, ba bugawa ba, don ƙafata ta dama da ta hagu duk ɗaya suke wajen rashin amfani. Ba da labarinta nake so. Shekarar da Nijeriya da Saudiyya suka fara zuwa gasar kofin duniya, kullum bayan la'asar dattawan unguwarmu a Azizya sai su zaunar da ni a ƙofar masallaci in mayar musu da wasan jiya da Hausa. Ran nan ina tsaka da kumfar baki sai wani tsohon tela ya ce, "Ya waladi, su waɗannan Bulgeriyan da muka lallasa, su wane ne? Ina suke? Me ya haɗa mu da su?" Tun daga ranar na gane mai ba da labarin wasa in bai san mutanen da ke wasan ba, ihu kawai yake yi. Shi ya sa na ƙudurta Tarihi zan karanta, sannan in zama ɗan jaridar wasanni.

Kun san ɗan baƙo ba ya samun jami'a a nan cikin sauƙi, gida Nijeriya ake tura mu. Da lokaci ya yi Baba ya sa aka zo masa da fom ɗin shiga jami'a har Madina, irin wanda ake cike ƙananan gurabensa da fensir. Ya yi alwala, ya sa tabarau, ya yi bismilla, ya cike lambar fannin haɗa magunguna da hannunsa. Bai tambaye ni ba, ko da wasa. Ya ce in kai wa wani Alhaji da zai koma gida, a masaukinsa a Anbariyya. Ambulan kuma a buɗe, don a nan ba a liƙe saƙon da za a ba matafiyi, dole ya ga abin da zai ratsa filin jirgi da shi. To ni ma na gani. Na zauna a inuwar masallacin Anbariyya, na goge abin da Baba ya cike tas, na sa Tarihi. Jami'ar ma na juya, wadda ya sa ta biyu na mayar ta farko, saboda na riga na bincika, malaman Tarihinta sun yi suna, kuma garin na da filin wasa da gidan jarida. Da sakamako ya fito na ce masa, "Baba, ta biyun ce ta ɗauke ni." Ya ce, "Alhamdu lillahi, duk magani ne."

Shekara uku ke nan. Kuma bari in faɗa da babbar murya, ban yi nadamar Tarihi ba. Ni ne na ɗaya a ajinmu. Duk Asabar ina filin wasa da ɗan littafina, ranar Litinin rahotona ya fito a jarida da sunan aro, har direbobin tasha suna gardama a kansa. Laifi ne mutum ya yi abin da Allah ya hore masa? Sai an sa farar riga ake zama mutum? Da na bi zaɓin Baba da yanzu an kore ni, ni da lissafin sinadarai ko ga maciji ba ma yi. Ƙaryar ce ke cina, ba karatun ba. Duk wasiƙar da ya aiko da "Zuwa ga Dakta" yake farawa, ni kuma in amsa ba kunya.

Wannan hutun ne ƙasa ta tsage min. Na tarar idon Baba ya yi rauni, yana kai takardar likita har kan hancinsa kafin ya karanta. Kwana uku da zuwana ya ja ni wajen kafilinsa, wato mai saidaliyyar da ya tsaya mana, wanda iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar, ke hannunsa. Dattijo ne ɗan ƙasa, amma kakanninsa alhazai ne daga wajenmu, yana jin Hausa sama-sama. Ya riƙe hannuna ya ce, "Masha Allah, haza huwa, shi ne wannan? Khalas, ka gama ka zo, wurin abuka, babanka, naka ne. Shi ya huta, iƙamarsa ana hannuna, ba mai fitar da shi Madina." Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. A hanyar komawa bai bi gida da mu ba, sai da ya tsaya a jikin katangar Baƙi'a, inda aka binne mahaifiyata ina aji biyu na sakandare. Ya ce, "Ka ji dai abin da ya ce. In aikin nan ya ƙare ba wanda ya gaje ni, takardar fita daga ƙasar za a ba ni. Ni ba na son komai a duniyar nan sai in kwanta a cikin nan. Kai ne takardar zamana."

Ku gaya min, ni na ce a ɗora kabarin mutum a kan fom ɗina? Me ya sa bai faɗa min tun ranar da ya riƙe fensir ba? Da ya faɗa, wataƙila da na yi kuka na bi, wataƙila kuma da na ƙi, amma da mun yi ta a fili. Na ji haushinsa, wallahi na ji, sannan na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har na kasa haɗa ido da shi wajen cin abinci.

Shekaranjiya kuma ina tare da shi a saidaliyya sai wata mata ta shigo da yaro a kafaɗa yana ta tari, ta miƙo takarda. Baba ya juya ta, ya sake juyawa, sai ya miƙo min a hankali yadda ba za ta lura ba. "Dakta, duba min, miligram nawa ya rubuta?" Na kalli rubutun nan kamar tafiyar tsutsa. Zan iya jero muku sarakunan Kano tun daga Bagauda, amma ban san ko biyar ce ko hamsin ba. Na ce, "Baba, ba mu kai nan ba tukuna, yajin aiki ya ja mu baya." Ya ce, "Ma'alesh, ba komai," ya ɗauki waya ya kira likitan. Hamsin na so in ce, don ita ta fi kama da abin da na gani. Biyar ce.

Ranar Asabar za a yi masa aikin ido. Ya riga ya gaya wa kafili kada ya nemo kowa, ɗansa zai riƙe wurin na sati biyu, ya ma sa an goge min farar rigarsa. Tarihi dai ba zan bari ba, kowa ya ji. Maganin da ban sani ba kuma ba zan miƙa wa ɗan kowa ba, ko za a yanka ni. Abin da ya rage shi ne in zaunar da tsohon nan kafin a rufe masa ido da bandeji, in gaya masa ba ni da hanyar da zan riƙe shi a garin da matarsa take kwance. Na gwada sau biyu, duk sai na ɓige da wani zancen. Yau Laraba.

Me zan yi?