Fatu a Bakin Tarago

Haɗeja,
Agusta, 1938.

Zuwa ga uwargidana Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Iya da yara da dukan mutanen Auyo. Ni lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin san fatun awakin da na tara tun bazara, da kuma na mutanen rugar Arɗo Ɗahiru da suka ba ni amana in sayar musu. Akawun kamfanin da ke aika fatu Ingila ya ba ni zaɓi. Ko in miƙa kaya a ƙofar shagonsu nan Haɗeja, su saya da araha, wahalar hanya tasu. Ko in kai tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori in loda a tarago da kaina, farashi ya fi tsoka. Wannan shi suke kira ciniki a kan jirgi. Ya ce muddin fata tana ƙasa tawa ce, ko ruwa ya ci ko ɓarawo ya ɗauka. Da zarar ta shiga tarago ta zama tasu, har Ikko, har bayan teku. Na zaɓi kaiwa tasha, don mutanen Arɗo su ga amfanin yarda da ni.

Sai ga kogi ya kawo ruwa da ƙarfinsa. Jiya muka ƙetaro da kayan daga ruga, ruwa yana lasar bakin kwalekwale, ni da mai fito muna ta kwarfa da ƙwarya. Alhamdu lillahi, ko ɗauri ɗaya bai jiƙe ba. Gobe za mu kama hanyar tasha da jakuna, an ce fadamar da ke tsakani ta cika. Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Haladu.

Malam Madori,
Agusta, 1938.

Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Iya? Ki samu wuri ki zauna kafin a karanta miki wannan.

Mun iso da ƙyar, jakuna suna nutsewa a taɓo muna sauke musu kaya muna ɗauka a ka. Da jirgi ya zo daga Nguru, sai muka tarar taragon kamfanin an riga an cika rabinsa da ƙaro. Wurin da ya rage ba zai ci kayana duka ba, sai rabi. Rumfar tasha a cike take, tamfol babu, ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Leburori suka tsaya suna kallona, suna tambaya wanne za su ɗauka, namu ko na Fulani.

Barira, na tuna da ke, na tuna da yara. Na kuma tuna matan rugar nan da suka rako ni har bakin kogi. Na nuna na Arɗo.

Jirgi bai ɓace wa gani ba ruwa ya kece. Na cire rigata na rufa wa namu, abin dariya, me riga za ta rufe? Tun daga ranar rana ba ta fito sosai ba. Na kwance ɗaurin na baza, gashi yana saɓulewa a hannuna, wari ya kori mutane daga wajen. Na roƙi akawun nan, da ya biyo mu tasha, ya duba, ya ce abin da bai hau jirgi ba kamfani bai san da shi ba. Ban iya musu ba, haka muka yi da shi.

Mijinki,
Haladu.

Malam Madori,
Satumba, 1938.

Barira tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Iya, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Labari ya zo cewa ruwa ya cinye ƙasan layin dogo a hanyar Kano, taragon nan ya kife cikin ruwa. Ba a rasa rai ba, amma fatun Arɗo sun tafi. Akawu ya kira ni, murya a sanyaye, wai tunda kaya bai isa Kano ba, gara a raba asarar biyu tsakanina da kamfani. Na ce masa da na tsaya cikin ruwa a kan fatuna, ai bai ce a raba ba. Na maimaita masa maganarsa yadda ya faɗe ta, na kira mai kula da tasha, ya shaida a gabansa aka loda aka rufe ƙofa. Aka buga waya Kano. Kwanakin jiran amsa ko abinci ban iya ci ba. Jiya Baturen kamfanin ya amsa: asara tasu ce, za a sallami mutanen Arɗo ba ragi.

Namu kuwa, kaɗan na tsira da su, sauran na haƙa rami bayan tasha na binne. Ba zan ɓoye miki ba, ina turbuɗa ƙasa zuciyata tana cewa da namu na loda. Har yanzu takan faɗa, ina yi mata shiru.

Zan fara biyawa ta ruga in kai wa Arɗo haƙƙinsu, sannan in taho gida. Bana shinkafar fadamarki ce za ta riƙe mu. Kada Iya ta ji daga bakin kowa, ni zan durƙusa in gaya mata da kaina.

Wassalam, naki har kullum,
Haladu.